Sa hannu daban, doka daban

A wani zaman wayar da kai kan gubar dalma da muka yi a yankin Anka na jihar Zamfara, wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗiyata, mun ji a rediyo cewa Najeriya ta sa hannu a takardun duniya, wai lafiya haƙƙinmu ce. To mi ya hana mu ɗauki takardar nan mu nufi kotu?" Ni ba lauya ba ce. Aikina ɗibar jini don gwaji da koya wa iyaye mata yadda za su raba yara da ƙurar dutsen zinariya. Amma a ƙasar da ta binne yara sama da 400 a annobar dalma ta 2010, irin wannan tambaya ba a share ta.

Sashe na 12 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk yarjejeniyar da Najeriya ta ƙulla da ƙasashen waje ba ta da ƙarfin doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Kamar baiko ne da ɗaurin aure. An kai goro, an sa rana, amma amarya ba ta tarewa sai an shafa fatiha. Shi ya sa alkawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001, na ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, ba ya kama kowa a gaban alƙali. Sanarwa ce kawai, ko matsayin yarjejeniya ba ta kai ba.

Akwai wadda aka shafa wa fatiha. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam da al'umma ta zama dokar Najeriya tun 1983. Sashe na 16 nata ya yi magana kan lafiya, na 24 kan muhalli mai kyau. A 2000, a shari'ar Abacha da Gani Fawehinmi, Kotun Ƙoli ta ce lallai wannan yarjejeniya doka ce da kotunanmu za su yi aiki da ita, sai dai kundin tsarin mulki yana bisa kanta. Nan ne gizo yake saƙa, domin maganar samar da asibitoci da magani tana cikin babi na biyu na kundin, shi kuwa sashe na 6 ya hana kotu tilasta wa gwamnati cika abin da ke cikin wannan babi.

Sai kotun ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Mazaunin kotun yana Abuja. Tun 2005 mutum ɗaya, ko manomi ne ko mai haƙar ma'adinai, yana iya kai ƙarar take haƙƙi can, ba sai ya gama zagaya kotunan gida ba. Maƙwabciyarmu Hadijatou Mani ta Nijar, wadda aka sayar tana yarinya, ta yi nasara a kan gwamnatinta a 2008 har aka ce a biya ta diyyar sefa miliyan 10. A 2012 kotun ta kama Najeriya da laifin sakaci kan gurɓata muhalli a yankin Neja Delta. Amma ku lura da kyau: ƙasa ake kai ƙara, ba mai injin niƙa dutse ko dillalin zinariya ba. Ba kotun ɗaukaka ƙara ba ce a kan kotunanmu. Kuma ba ta da ɗan sanda ko ɗaya, hukuncinta yana jiran gwamnatin da aka kayar ta aiwatar da shi, abin da sau da yawa yake ɗaukar shekaru. Kotun Afirka da ke Arusha kuwa, ɗan Najeriya ba ya iya shiga da kansa, don ƙasar ba ta ba da wannan izini ba.

A ganina, doka mafi kusa da hannunku ita ce dokar lafiya ta ƙasa ta 2014, wadda ta hana asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar majinyaci a halin gaggawa.

Abin da na roƙi dattijon nan shi zan roƙe ku. Kowace kotu hujja take nema, kuka ba ya isar ta. Katin asibitin yaro, takardar sakamakon gwajin jini, ranar da ya fara farfaɗiya ko ya daina magana, duk ku adana su cikin leda inda gara da ruwa ba za su taɓa ba. Na sha ganin an naɗe ƙuli-ƙuli da takardar gwaji. Washegari dattijon ya dawo da katunan jikokinsa uku, ɗaya rabinsa ya lalace, muka zauna muka sake cike masa sabo daga rajista.