Gurɓacewar Hoto Yayin Haɗa Kwamfuta da Talabijin

Gurɓacewar hoto ita ce layuka, dishi-dishi, rawa ko ɗaukewar da ke bayyana a allon talabijin idan an jona masa kwamfuta. Sau da yawa kamannin matsalar ne ke nuna tushenta, domin kowace irin waya da yadda take lalata hoto.

Wayar VGA, wadda kamfanin IBM ya fito da ita a 1987, tana da allurai 15, kuma tana ɗaukar hoto ne a matsayin hawa da saukar ƙarfin lantarki. Saboda haka duk wata wuta da ta kutsa cikinta sai ta fito a allo. Idan allura ɗaya daga cikin uku na farko ta lanƙwashe, ja ko kore ko shuɗi zai ɓace, hoton ya rine. Doguwar waya mai araha kuwa takan sa kowane harafi ya yi inuwa a gefensa.

Wadda ta fi ba mutane wahala ita ce faffaɗan layi mai duhu da ke tafiya a hankali daga ƙasan allo zuwa sama, wani lokaci tare da gunji a lasifika. Wannan na faruwa ne idan kwamfuta da talabijin sun haɗu da ƙasa (wato hanyar da ke sauke ɓatacciyar wutar lantarki cikin ƙasa) ta hanyoyi biyu mabambanta, misali ta soket da ta wayar eriya, sai 'yar wuta ta riƙa zagayawa ta cikin wayar hoton. Wutar gida tana kaɗawa sau 50 ko 60 a daƙiƙa, kuma ɗan bambancin da ke tsakaninta da saurin sabunta hoto shi ke sa layin tafiya. Gwajin ba wuya: a zare cajar laftof a bar shi kan batir, ko a cire wayar eriya. In layin ya ɓace, an gano ɓarawon. Sai a haɗa na'urorin biyu a soket ɗaya, ko a canza caja. Wasu kan karya ƙafar filogi ta uku don layin ya tafi. Yana tafiya kuwa, amma an cire abin da ke kare mutum daga jan wuta, ganganci ne.

Wayar HDMI kuwa, wadda aka fitar da ƙa'idarta ta farko a Disamba 2002, lambobi take aikawa, don haka ba ta yin irin wannan layi. Tata cutar daban ce: ƙananan ɗigo-ɗigo farare masu ƙyalli, ko allo ya yi baƙi na daƙiƙa biyu ya dawo. Yawanci waya ce ta yi tsawo ko ta gaza ɗaukar nauyin hoton, musamman hoton 4K, wato mai ɗigo da yawa sosai, mai sabuntawa sau 60 a daƙiƙa. Gajeriyar waya mai kyau takan warware shi, in babu kuma a rage girman hoton daga saitin kwamfuta.

Idan gefunan hoto ne suka yanke, wannan ba laifin waya ba ne, talabijin ne ke faɗaɗa hoton, kuma a saitin girman allonsa ake kashe shi.