Yaƙin 'yan sojoji a kan tebur: tambayoyin masu farawa a Jidda

Wane irin wasa ne wannan?

Mutum biyu ne ke jera rundunonin 'yan sojojin roba, kowanne tsayinsa bai wuce rabin ɗan yatsa ba, su gwabza bisa ƙa'idojin littafi. Akwai mahaya, 'yan baka, dodanni da matsafa. Kamfanin Games Workshop na Ingila ya fito da Warhammer a 1983, ya maye gurbinsa da Age of Sigmar a 2015, sannan ya dawo da salon sahu-sahu a 2024 da sunan The Old World. Kings of War na kamfanin Mantic ma haka yake, kuma ƙa'idojinsa sun fi sauƙi.

Me ake tanada?

Tebur mai ƙafa 6 a tsawo, 4 a faɗi. Ba kowane gida ke da shi ba, shi ya sa ake haɗa teburan ninkewa biyu, ko a shimfiɗa katako a majalisi. Sai tef ɗin awo mai inci, domin da inci aka rubuta ƙa'idojin, da ƙwayoyin ludo kamar 30. Kowace ƙungiya tana da farashinta na maki. Babban wasa maki 2,000 ne, yana cin awa uku ko fiye. Mai farawa ya tsaya a 500 zuwa 1,000. Wanda ya sayi runduna sukutum tashin farko, yawanci a kwali take tsufa.

Ashe ba sa'ar ƙwaya ce kawai ba?

A'a. Ka ɗauka 'yan baka 20 sun yi harbi, ka jefa ƙwaya ɗaya ga kowanne kana neman 4 zuwa sama: kusan 10 za su samu. Ka sake jefawa don rauni, nan ma 4, saura 5. Abokin karawa ya jefa na sulke yana neman 5 ko 6, ya tsirar da kashi ɗaya cikin uku. Mutum uku ke nan suka faɗi, bayan duk wannan hayaniya. Idan ƙwayoyi sun yi yawa, sa'a takan daidaita kanta.

Inda ake cin wasa shi ne motsi. Sahu gabansa kawai yake gani, juyawa kuma tana cinye masa tafiya. Ƙungiyar da aka afka wa ta kuiɓi ko ta baya takan rasa ƙarin ƙarfin da yawan layukanta ke ba ta, a gwada jarumtarta da ƙwaya biyu, in ta gaza ta arce. Kuskuren sababbi shi ne tura mahaya gaba su kaɗai, 'yan ƙasa na can baya ba mai rufa musu gefe.

Zafin nan ba ya lalata 'yan sojojin?

Yana yi. Mota a rana ita ce babbar maƙiyiya: mashi da takobin da aka yi da rezin, wani nau'in roba da ake zubawa ya daskare, sukan lanƙwashe. Gyaransu, a tsoma a ruwan zafi, a miƙe, a sa a ruwan sanyi. Mai wasa da kansa yake haɗa 'yan sojojin ya yi musu fenti. Fentin fesawa na shimfiɗar farko, in aka fesa cikin zafi ko laimar Jidda, yakan bushe tun a iska ya sauka kamar yashi. A girgiza gwangwanin minti biyu, a fesa da asuba daga tazarar santimita 20 zuwa 30, ko a shafa da buroshi a ɗaki. Fentin ruwa kuma iyakwandishan na busar da shi nan take, sai a zuba shi a kan takardar gasa burodi da aka ɗora bisa jiƙaƙƙen soso.

Gam ɗin roba narkar da robar yake ya haɗe ta, don haka ba ya kama rezin ko ƙarfe. Waɗannan sai supa gulu.

Ƙwaya da mutum-mutumi fa, a addinance?

Ba a sa kuɗi a wasan. Amma akwai hadisai a kan nardi, wato wani wasa da ake jefa ƙwaya, da kan surori, kuma malamai sun yi bayani a kansu, sai mutum ya kai tambayarsa wurin malamin da ya yarda da iliminsa kafin ya kashe riyal ɗaya.

In an yi odar kaya daga waje?

A lissafa da kuɗin jigila da harajin kashi 15 da Saudiyya ke karɓa tun 2020. Mutum uku ko huɗu su haɗa oda ɗaya ya fi sauƙi.