Me ake nufi da gina ƙungiya ta hanyar zumunci?

A harkar ƙwadagon jami'o'i, kiran taro daban, gina ƙungiya daban. Kiran taro shi ne a watsa saƙo a WhatsApp, waɗanda dama suna tare da ƙungiya su cika zaure. Gina ta ta hanyar zumunci kuwa shi ne a bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, musamman masu noƙewa, har a san damuwar kowa da wanda yake jin maganarsa.

Da takarda ake farawa. A Jami'ar Legas da ke Akoka ne ko Jami'ar Jihar Legas (LASU) da ke Ojo, wakili zai jera sunayen 'yan sashensa kakaf, ya sa wa kowa lamba daga 1 zuwa 5: 1 mai jan wasu, 3 mai jiran ya ga inda iska ta kaɗa, 5 ɗan adawa. Kada a ɗora wa wakili ɗaya fiye da mutum 10. Sai a nemo wanda ake zuwa wurinsa in matsala ta taso. Sau da yawa ba mai ɗaga murya a taro ba ne, wata tsohuwar malama ce da ba ta cika magana ba.

Mataki na gaba ganawar ido da ido ce, minti 20 zuwa 30, sauraro ya rinjayi magana. Malamin da ke sammako daga Ikorodu ko Agege ya sha cunkoso, kuɗin mota da na haya ne ke ci masa tuwo a ƙwarya. In ka fara karanto masa yarjejeniyar 2009 tsakanin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU da gwamnatin tarayya, ka rasa shi. A rufe da ƙaramar buƙata, kamar sa hannu kan takardar koke. Yawan hannun da aka samu shi ne awon ƙarfi kafin a ambaci yajin aiki.

A nan tsara dabaru ke shigowa: wa ke da ikon cewa "na amince"? Ta Akoka ta tarayya ce, LASU ta jiha, wasu alawus kuma suna hannun majalisar gudanarwar jami'a. Matsa wa wanda bai riƙe da makulli ɓata ƙarfi ne.

Yajin ASUU na 2022 ya kai wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Gwamnati ta riƙe albashi, ta kuma yi wa wata kishiyar ƙungiyar malamai, CONUA, rajista. A irin wannan matsi, reshen da ya san wa ke da marar lafiya a gida, wa mai gida ya ba takardar tashi, shi ke iya riƙe mutanensa. Kuskuren da aka fi yi shi ne mantawa da 'yan SSANU, NASU da NAAT, wato ƙungiyoyin ma'aikatan jami'a da ba malamai ba, alhali makullan ɗakin gwaji da takardun jarrabawa ta hannunsu suke bi.