Zamanin ƙanƙara: amsoshin tambayoyin da kuka ishe ni da su

Ni malamin labarin ƙasa ne a nan Tahoua. Duk shekara in muka iso darasin zamanin ƙanƙara, tambayoyi iri ɗaya nake sha, daga ɗalibai a aji, daga iyayensu a fada, yanzu kuma har a WhatsApp da tsakar dare. Ga amsoshin nan. Wanda ya sake tambayata, nan zan turo shi.

Malam, wai da gaske ƙanƙara ta taɓa binne ƙasashe?

Da gaske. Wajen shekara 21,000 da suka wuce, kusan duk Kanada da arewacin ƙasar Amurka suna ƙarƙashinta, haka Suwidin, Norwe, Finlan, mafi yawan Birtaniya, har arewacin Jamus. A tsakiya kaurinta ya kai kilomita 3.

Ina aka samu ruwan da ya daskare haka?

Daga teku. Ruwa ya tashi tururi, ya sauko dusar ƙanƙara, bazara ta zo ba ta narkar da ita ba, ta baɗi ta hau kanta. Teku ta janye ƙasa da kusan mita 120, har mutum na iya takawa da ƙafa daga Faransa zuwa Ingila, ko daga Saberiya zuwa Alaska.

Da aka ce ta ja da baya, komawa ta yi inda ta fito?

A'a! Na gaji da ganin wannan a takardun jarrabawa. Ƙanƙara mai irin wannan kauri malala take yi daga tsakiya zuwa gefe saboda nauyinta, kamar kunu mai kauri da aka zuba a faranti, kuma ko lokacin da take raguwa gaba take malala. Bakinta ne ke narkewa, ko ya ɓalle cikin teku. In abin da ke narkewa ya fi abin da ke isowa, sai iyakarta ta matsa arewa. Ja da bayan ke nan.

Nijar fa, ta iso mu?

A wancan zagayen ba ta iso ba. Mu fari muka sha: hamada ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomitoci, Tafkin Chadi ya ƙafe, kuma da yawa daga jigayin da muke shuka hatsi a kansu yau tudun rairayi ne na lokacin. Amma shekara miliyan 445 da suka wuce, yankinmu yana kusa da ƙuryar kudu ta duniya, ƙanƙara ta kwanta a inda Sahara take. Sawunta na nan a duwatsun Jado. Kada wani ya haɗa mini waɗannan zamunna biyu a amsa ɗaya.

Tunda babu mota ko masana'anta a lokacin, me ya narkar da ita? Ashe ɗumamar yau ma ba laifin mutum ba ce?

Masu wannan tambaya galibi sun riga sun yanke hukunci, amma bari in amsa. Hanyar da duniya ke bi tana kewaya rana da karkatar da take yi suna sauyawa sannu a hankali, a zagaye na shekara kusan 100,000, da 41,000, da 23,000. Wani ɗan Sabiya, Milutin Milankobic, shi ya yi lissafin. Da hasken ranar bazara ya ƙaru a arewa, ƙanƙara ta soma narkewa. Farin ƙanƙara na mayar da haske sama, ƙasar da ta bayyana kuma ta shanye shi, zafi ya daɗu. Teku ta saki iskar kabon, wadda ke riƙe zafi, daga kusan kashi 190 cikin miliyan na iskar sama ta hau zuwa wajen 260, kuma hawan ya ɗauki dubban shekaru. Mu kuwa daga 280 mun kai ta sama da 420 cikin ƙarni biyu da ɗoriya. Ka kwatanta da kanka.

Wa ke nan da ya gani?

Ba kowa. Shaida ƙanƙarar ta bari: ƙatti-ƙattin duwatsu da ta kwaso ta yar a inda babu irinsu, zane-zanen da ta karce a kan fa, da dogayen tuddan tsakuwa da yumɓu a duk inda bakinta ya daɗe tsaye. Tun 1837 Luwi Agasi na Suwizalan ya kafa hujja da su. Yau ana haƙo ƙanƙarar Antatika, can ƙuryar kudu ta duniya, mai ɗauke da kumfar iskar sama da shekara 800,000. A 2023 kuma masu bincike sun nuna ƙananan kunyoyi a ƙasan tekun Norwe, waɗanda suka bayyana cewa a wasu wurare bakin ƙanƙarar ya matsa har mita 600 a rana guda.

Ke nan ba a hankali ta tafi ba?

Ko kaɗan. Wajen shekara 14,700 da suka wuce zafi ya taso farat ɗaya, teku ta hau mita 15 zuwa 20 cikin ƴan ɗaruruwan shekaru. Sanyi ya sake dawowa daga shekara 12,900 zuwa 11,700 da suka wuce. Ƙanƙarar Kanada ba ta gama tafiya ba sai wajen shekara 7,000 baya, kuma ƙasar da ta danne har yau tasowa take: a gaɓar tekun Hadson da ke can Kanada kusan santimita 1 kowace shekara.

Wani Alhaji ya ce: "Na ji bayan ƙanƙara ta narke Sahara ta yi kore. Yanzu ma tana narkewa. In nemi fili a arewa, wajen Abalak, kafin ya yi tsada?"

Alhaji, Allah ya ƙara arziki, amma dakata. Rabin maganarka gaskiya ce. Tsakanin shekara kusan 14,500 zuwa 5,500 da suka wuce, Sahara ta yi ciyawa da tafkuna. Tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000. Kwarin Azawak kogi ne mai gudu da ke bi ta Dallol Bosso ya faɗa kogin Isa. A Gobero, cikin Tenere, an tono kaburburan mutane tare da ƙasusuwan dorina, kada da manyan kifaye. Wanda ya sassaƙa raƙuman dawan Dabus a arewacin Agadas, da idonsa ya gan su.

Sai dai ba narkewar ƙanƙara ce ta kawo ruwan ba. Su biyun uwarsu ɗaya: hasken ranar bazara da ya ƙaru a arewa, shi ya narkar da ƙanƙara, shi kuma ya gasa Sahara har ta janyo iskar damina daga teku ta kai ta can arewa. Karkatar duniyar da ta kawo wannan hasken ba ita muke ciki ba yau.

Akwai ma abin da ya fi wannan. A lokutan da ruwan narkewa ya kwarara da yawa cikin arewacin Atilantika, ya raunana igiyar teku mai kai ɗumi arewa, sai damina ta ja kudu, Sahel ta bushe. Haka aka yi wajen shekara 16,000 baya, haka aka sake yi a sanyin nan na 12,900. In ƙanƙarar tsibirin Girinlan ta ci gaba da zubar da ruwa cikin tekun, wannan haɗarin na nan, ko da yake masana ba su daidaita kan yaushe ko yaya girmansa ba.

A ɗaya gefen, lissafe-lissafen kwamfuta da dama na nuna tsakiyar Sahel da gabashinta, inda muke, na iya samun ƙarin ruwa, yamma wajen Senegal kuma ta ragu. Wasu lissafan ba su yarda ba. Mun kuma ga damina ta ɗan farfaɗo bayan farin 1973 da na 1984, amma wane irin ruwa? Mai zuwa da ƙarfi lokaci guda ya rushe gidaje, kamar a Yamai a 2020 da sassan ƙasa da dama a 2024, sannan ya ɗauke makonni hatsi na ƙuna. Ƙarin zafi kuma na shanye laimar ƙasa da wuri.

Kada ka manta da doka: tun 1961 aka shata iyakar noma ta arewa, abin da ke bayanta na makiyaya ne, kuma dokar kiwo ta 2010 ta jaddada hakan. Kafin ka ba kowa ko dala, je ka hukumar filaye ta yankin. Ni dai da kuɗina ne, gonar da nake da ita zan zuba wa: tassa, rabin wata, jeren duwatsu, irin aikin da ya farfaɗo da faƙo a Keita da Illela, in kuma riƙa sauraron hasashen damina da cibiyar AGRHYMET ta Yamai da hukumar yanayi ke fitarwa kafin shuka. Ban ce arewa ba za ta taɓa yin kore ba. Na ce shekarun da ake magana a kansu dubbai ne.

To ƙanƙarar za ta dawo?

Kwantar da hankalinka, ɗana. Lissafin masana ya nuna ba kafin shekara 50,000 ba, kuma iskar kabon da muka zuba na iya ƙara jinkirta ta.