Usman Sembene, ɗan dakon Senegal da ya zama uban finafinan Afirka

Wane ne shi?

An haife shi a 1923 a garin Ziguinchor da ke yankin Kasamans a kudancin Senegal, mahaifinsa masunci ne. Bai yi nisa a boko ba, tun yana yaro aka kore shi daga makaranta. Ya yi aikin gini da kanikanci a Dakar, a 1944 kuma Faransa ta ɗauke shi soja. Ya rasu a Dakar ranar 9 ga Yuni, 2007, yana da shekara 84.

Ina ya samo wannan kishin talaka?

A wurin aiki ya samo shi. Bayan yaƙi ya haye Faransa, ya yi kusan shekara goma yana dako a tashar jiragen ruwa ta Marsai. Can ya shiga ƙungiyar ƙwadago ta CGT da jam'iyyar kwaminis, ya duƙufa karatu. Littafinsa na farko, Le Docker noir, na 1956, labarin ɗan dako baƙar fata ne. Na 1960, Les Bouts de bois de Dieu, ya ginu kan yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa na layin Dakar zuwa Bamako a 1947 da 1948, kuma mata ne ƙashin bayan labarin.

Tunda littattafansa sun karɓu, me ya kai shi fim?

Nan ne abin da ya fi burge ni game da shi. Da ya dawo gida bayan 'yancin kai, sai ya ga mutanen da yake rubutu dominsu ba su iya karanta Faransanci, da yawa ma ba su karatun boko sam. Wa zai karanta wa mai sayar da kifi a kasuwa littafin da aka buga a Faris? Yana dab da shekara arba'in ya tafi Mosko ya koyi aikin fim. Ya kan kira silima makarantar dare, ya riƙa zagawa da finafinansa ƙauyuka, a kalla sannan a zauna a yi muhawara.

Fim ɗinsa na 1963, Borom Sarret, bai wuce minti ashirin ba: mai keken doki ya yi wuni yana fama a Dakar, ya shiga unguwar masu hali, ɗan sanda ya ƙwace keken, ya koma gida hannu rabbana. A 1966 ya fito da La Noire de..., labarin Diouana, 'yar aikin da iyayen gidanta Turawa suka tafi da ita Faransa, ƙunci ya kai ta ga kashe kanta. Mandabi na 1968 kuwa da harshen Wolof ya yi shi. Dattijo ne aka aiko masa kuɗi ta gidan waya, aka ce sai katin shaida, katin kuma sai takardar haihuwa, haka aka yi ta wasa da shi har wani ɗan boko ya cinye kuɗin. Duk wanda ya taɓa bin layi a ofis zai ji wannan fim a jikinsa.

Turawan mulkin mallaka kaɗai yake suka?

Ko kusa. Ya dai ba su nasu kason: Camp de Thiaroye na 1988 ya tono kisan da sojan Faransa suka yi wa sojojin Afirka ranar 1 ga Disamba, 1944, don sun nemi haƙƙinsu bayan dawowa daga yaƙi. Amma Xala na 1975 kan manyanmu na gida ya sauka. Attajiri ne ya auri ta uku da kuɗin haram, ƙarfin mazakutarsa ya ɗauke a daren farko, ana kuma wanke masa marsandi da ruwan kwalba alhali mabarata na zube a ƙofar ofishinsa. Ceddo na 1977 ya taɓo yadda sarakuna da wani limami da masu cinikin bayi suka yi kokawar mulki a kan talakawa. Gwamnatin Senghor, shugaban Senegal na lokacin, ta hana nuna shi, da hujjar wai an rubuta sunan fim ɗin ba daidai ba. Musulmi mai kallo na iya saɓa masa a nan, kuma yana da ikon hakan, sai dai ba za a ce ya yi son kai ba, don babu ɓangaren da ya ƙyale.

Mata fa?

Da su ya rufe aikinsa. Moolaadé na 2004, wanda ya ɗauka a wani ƙauyen Burkina Faso yana da kimanin shekara tamanin, kan kaciyar mata ne. Yara mata huɗu sun gudo wurin wata mata mai suna Colle, ta ɗaura igiya a ƙofar gida alamar kariya, mijinta ya zane ta da bulala a bainar jama'a don ta janye, ta ƙi buɗe baki. Mazan garin suka tattara rediyoyin mata suka cinna musu wuta. Fim ɗin ya ci kyauta a bikin finafinai na Cannes da ke Faransa a shekarar.

Da wanne za a fara?

Mandabi. An gyara hotonsa a 'yan shekarun nan, akwai fassara a ƙasa, kuma yana da ban dariya da ban tausayi. Daga nan sai Moolaadé.