Colt Python: Daina Ƙera Ta da Dawowarta Kasuwa

Colt Python libarba ce mai ɗaukar harsashi 6 samfurin .357 Magnum, wadda kamfanin Colt na jihar Connecticut a Amurka ya fara ƙerawa a 1955. An san ta da bututu mai nauyi, da doro mai tagogi a samansa, da kuma shuɗin ƙarfe mai sheƙi da ake kira Royal Blue. Kamfanin ya cire ta daga jerin bindigogin da yake ƙerawa yau da kullum a 1999, ya ci gaba da yin 'yan kaɗan ga masu oda ta musamman har zuwa 2005. Bayan shekara 15, a watan Janairun 2020, ta sake fitowa.

Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da suka kashe tsohuwar Python shi ne tsadar aikin hannu. Kayan cikinta ba sa shiga juna kai tsaye daga inji. Sai gwanin maƙeri ya zauna da magagari da dutsen washi yana rage kowane ɗan ƙarfe har ya dace da ɗan'uwansa. Sifirin guda ɗaya mai siffar V shi ke tura guduma, wato ƙarfen da ke dukan gindin harsashi ya tashi, shi ne kuma ke danna sandar da ke mayar da kunama wurinta, don haka taɓa wuri ɗaya yakan canza aikin sauran. Shuɗin nan ma sai an goge ƙarfen mataki-mataki kafin a rina shi. A shekarun 1980 kuma 'yan sandan Amurka suka koma ga fistol mai ɗura kanta, sannan libarbobin wasu kamfanoni irin su Smith & Wesson 686 da Ruger GP100 suka zo da sauƙin kuɗi.

Akwai kuma aibin da masu gyara suka sani sarai. A tsarin Colt, ɗan yatsan ƙarfen da ke juya gangar harsashi yana ci gaba da matse ta daidai lokacin da aka ja kunama. Wannan ne ke sa ganga ta tsaya cak, saiti ya yi kyau ƙwarai, amma shi ne kuma ke cinye ɗan yatsan a hankali. Idan ya gajarce, ramin harsashi ba ya gama daidaita da bututu kafin guduma ta faɗi, sai gefen dalmar harsashin ya goge yana fallatsa. Masu iya wannan gyara sun yi ƙaranci tun da daɗewa.

Sabuwar Python ta 2020 ta riƙe kamannin waje, amma an sake tsara cikinta. An rage yawan kayan ciki, an sauya siffar sifirin, an ƙera ta da ƙarfe marar tsatsa a injinan da kwamfuta ke sarrafawa, waɗanda ke yanka daidai ba tare da buƙatar magagari mai yawa ba. Colt ya ce ya ƙara ƙarfe da kashi 30 cikin 100 a ƙarƙashin saitin baya domin ƙarfafa jikinta. An fara da bututu mai inci 4.25 da mai inci 6, a kan dala 1,499. Wasu daga cikin na farko sun zo da matsala: sukurorin murfin gefe sukan saki har ganga ta ƙi juyawa, wani lokacin kuma guduma ba ta dukan harsashi da isasshen ƙarfi. Kamfanin ya amsa koken, ya gyara waɗanda aka mayar masa.

Masu tara tsofaffin bindigogi da dama ba sa ɗaukar sabuwar a matsayin wadda suka sani, kuma suna da hujja ta fuskar aikin hannu. Ga mai harbi akai-akai kuwa, sabuwar ta fi jure wahala, gyaranta ma ya fi sauƙi. A kan irin wannan hanya Colt ya dawo da wasu libarbobinsa: Cobra a 2017, King Cobra a 2019, da Anaconda a 2021, shekarar da kamfanin CZG na ƙasar Czech ya sayi Colt.