Masu Kula da Kicin, Ku Daina Rufe Raunin Ma'aikata

Manajoji da shugabannin kicin na gidajen abinci da otal-otal a Katsina, don Allah ku saurara. Za a kawo yaro mai suya asibiti bayan kwana huɗu, hannu ya kumbura, ƙunar ta yi ruwa tana wari, ga busasshen makilin a kai. A tambayi yaushe abin ya faru, kowa ya yi shiru. A tambayi ko an rubuta, sai a ce ai ƙaramin abu ne, oga ya ce a rufa.

Wannan "a rufa" ita ke ci mana tuwo a ƙwarya. Haba jama'a! Ɗan mutane ne fa, kuma da hannun nan yake ci.

Mun san tsoronku: kada mai gida ya ji, kada kwastoma su gani. Amma likita na buƙatar sanin ƙarfe nawa aka ƙone, kuma da me, mai ne, ruwan zafi, wutar gas ko sinadarin wanke banɗaki, domin kulawarsu ta bambanta. Sannan tayil mai santsin da ya kayar da mutum yau yana nan gobe. Tiyon gas da ya tsage ma haka. Ko ba wanda ya ji ciwo, in tukunya ta kife ko aka ji warin gas, a rubuta, a gyara.

Doka ma ba ta bar ku ba. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta ba ma'aikaci kwana 14 ya sanar da wanda ya ɗauke shi aiki, shi kuma wanda ya ɗauke shi aikin kwana 7 ya kai rahoto ga NSITF, hukumar gwamnati mai kula da biyan diyyar ma'aikata. In rasuwa ce, nan take. Idan babu rubutu, da me yaron zai nemi haƙƙinsa?

In abu ya faru:
- Ƙuna: ruwan famfo mai sanyi minti 20, a cire zobe da agogo. Ban da ƙanƙara, makilin, ƙwai, gishiri ko manja. Kada a fasa bororo.
- Yanka: a danne da tsumma mai tsabta minti 10 ba ɗagawa. In ya yi zurfi, asibiti a ranar, a duba ɗinki da allurar tetanus.
- Ƙunar fuska, hannu ko gaba, ko wadda ta fi tafin hannun wanda ya ƙone faɗi, asibiti kai tsaye.
- Kafin a tashi aiki a rubuta a rajista: suna, rana, lokaci, wuri, yadda ya faru, wanda ya gani, taimakon da aka ba shi, gyaran da aka yi. A ɗauki hoton wurin da waya, a sa hannu.

Kuma don Allah kada ku yi wa wanda ya kawo rahoto tsawa, ko ku yanke masa kuɗin ranar. Sau ɗaya kuka yi haka, na gaba zai ɗaure yatsa da leda ya ci gaba da yanka albasa a abincin mutane.